Kankana a Kan Zanin Gado

A Riyad aka haifi 'yata ta fari, ban daɗe da kama aiki ba. Sunan mahaifiyata na sa mata, don haka ban taɓa kiran sunanta ba. Mamana nake ce mata, ƙannenta biyu mata ma da suka tashi sai suka ɗauka. Ni safiyo ne, aikina auna fili da kafa turaku kafin motocin gini su iso. A shekarun nan kamfaninmu hanyoyi yake yi a yammacin birni, shi ya sa muka kama gida a Badi'a, hawa na uku, ɗaki biyu da falo.

Hausarta ba ta nuna ba. Tana ji sarai, amma in za ta yi magana sai ta riƙa tsayawa tana laluben kalma, ta gaji ta koma Larabci. Da Larabci take lissafi, da shi take faɗa da ƙannenta. Mahaifiyarta ta yi faɗa har ta haƙura. Ni kuwa ban damu sosai ba, don a lokacin na ɗauka zaman namu mai tsawo ne.

Tana aji biyu na babbar sakandare ta kamu da son ilimin fiziks. Wata malama 'yar Sudan ce ta jawo, mace mai kaushin murya da yara ke tsoro, ita kuwa 'yata ba ta da zance sai nata. Wata Asabar za ni kasuwar Aziziya sayen kayan miya na wata, kamar yadda na saba, ta ce za ta bi ni. Na yi mamaki, don ba ta son warin kasuwar. Muka sayi kwalin tumatir da buhun albasa, ina ciniki da wani ɗan Yaman a kan attarugu, na waiga na gan ta gaban tulin kankana tana ɗaga wannan tana ajiye wancan.

Na ce, "Ƙwanƙwasa ake yi, Mamana, ba ɗagawa ba. Mai zaƙi ƙararta daban."

Ta ce, "Ba zaƙi nake so ba, Baba. Mai nauyi nake so, mai... mudawwara."

"Kewayayya."

"Ita."

Ta kuma sa na sayi lemun tsami, ta tsaya ta zaɓi ƙanana masu santsi.

Da muka koma gida ba ta bari an yanka kankanar ba. Ta yaye zanin gadonmu, ta ɗaure kusurwa biyu a ƙafar teburin cin abinci, ta ba ni kusurwa ɗaya, ta ba mahaifiyarta ɗaya, ta ce mu ja da ƙarfi. Mahaifiyarta hannunta duk albasa, tana ta mita wai za a yaga mata zani. 'Yata ta ɗauki lemu ɗaya ta gangara shi a kan zanin, ya tafi sak ya faɗa ɗaya gefen. Sannan ta ɗora kankanar a tsakiya, zanin ya lotsa har na ji shi a kafaɗata. Ta sake gangara lemun ta gefe. Wannan karon bai tafi sak ba, ya karkata, ya zagaya kankanar, ya sake zagayawa, sannan ya je ya jingina da ita.

Ta ce, "Wa ya ja shi?"

Na ce, "Kankana mana."

"Kankana ba ta taɓa shi ba. Ba igiya, ba maganaɗisu. Hanyar ce ta... Baba, yaya ake cewa inhina'i?"

"Lanƙwasa."

"Hanyar ce ta lanƙwasa. Shi lemu bai san komai ba, tafiyarsa yake yi sak. Haka duniya take zagaya rana. Rana ba ta janta. Ta lotsa wurin da ke kewaye da ita ne kawai."

Mahaifiyarta ta ce in an gama a ba ta lemunta, miya za ta yi. Ni kuwa abin ya tsaya mini. A makaranta an koya mana cewa kowane abu mai nauyi yana jan ɗan'uwansa, da wannan na ci jarrabawa, da shi na yi aiki shekara da shekaru. Na ce wa 'yata, "Tsaya. Ai wannan wayo ne. Abin da ya sa kankana ta lotsa zanin, ƙasa ce take janta daga ƙarƙashi. Kin yi amfani da jan ƙasa don ki nuna mini babu jan ƙasa."

Ban manta yadda fuskarta ta yi ba. Ta saki lemun, ta tafa hannu, ta ce da Larabci wallahi duk ajinsu ba wadda ta lura da haka sai da malama ta faɗa. Ta ce zanin misali ne kawai, kuma gurgun misali, don wuri kaɗai yake nunawa. Abin da yake lanƙwasa na gaskiya wuri ne da lokaci a haɗe, saƙa ɗaya. Larabawa sun haɗa kalmomin biyu sun ce zamakan. Ta tambaye ni ko akwai ta Hausa, na ce babu. Ta ce to mu ce wuri-da-lokaci, muka bar shi a haka.

"Lokaci kuma ta yaya zai lanƙwasa?"

Ta nuna agogon bango. Ta ce agogon nan namu na hawa na uku ya fi na mai gadin gidan da ke ƙasa sauri, da ɗan abin da ba mai iya ji, don kusa da abu mai nauyi lokaci jan ƙafa yake yi. Na yi dariya. Sai ta ce, "Na'urarka ta aiki fa? Wadda take magana da taurarin ɗan'adam?" Ta ce agogunan da ke cikin taurarin can sama sun fi namu sauri, kuma tun kafin a harba su ake gyara musu tafiya saboda haka. Ba don gyaran ba, da lissafin wuri ya kauce cikin yini guda, kaucewar da ba kafa turke ba, ko gida mutum ba zai gane da shi ba.

Washegari na je fili na kafa na'urar a kan ƙafafunta uku, na tsaya ina kallonta. Tun ina saurayi nake cin abinci da irinta, ban taɓa tambayar abin da ke cikinta ba.

Daga nan muka samu abin hira. Ni nake kai ta makaranta da safe kafin in wuce fili, a mota take ba ni darasi. Wata rana muna kan babbar hanyar da ta kewaye birni, na taka birki don na hango kyamarar kama masu gudu, sai ta ce duniya ma tana da iyakar gudu, amma tata ba ta buƙatar kyamara, don ba mai iya karya ta. Gudun haske ke nan. Ba abin da ke wuce shi, ko jirgi, ko saƙo, ko labari.

Na ce, "In aka ƙara wa inji ƙarfi fa?"

"Ƙara duk man da ke ƙasar nan. Za ka yi ta matsowa kusa, ba za ka kai ba."

"Saboda me?"

Ta lalubo Hausar da ƙyar. Ta ce komai da komai tafiya yake yi a cikin wuri-da-lokaci, kuma da gudu ɗaya tak. Wanda ke zaune, duk gudunsa a lokaci yake zuba shi, yana tafiya zuwa gobe. In ya tashi ya fara motsi, abin da ya kashe a wuri sai a zare shi daga na lokaci, agogonsa ya rage sauri. Haske ya kashe nasa gaba ɗaya a wuri, ba saura. Ta ce, "Ka ga ba wani abin da za a ƙara, an ƙure."

Na ce, "Mala'iku fa?"

Ta ce, "Baba, wannan ba ya cikin littafinmu. Mu abin da ake iya aunawa muke magana. Wanda Ya sa iyakar ai ba ta hau kanSa ba."

Ta ƙara da cewa ko rana aka ɗauke yanzu, sai bayan kamar minti takwas za mu sani. Za mu ci gaba da ganinta, duniya ta ci gaba da zagaya inda take, don labarin ɗaukewar ma ba zai wuce haske ba. Na ce a'uzu billahi, ta yi dariya, ta gyara niƙabinta ta sauka a ƙofar makaranta.

Gaskiya ban gane ba a lokacin. Ina iya maimaita maganarta, amma in na rufe ido ba na ganin komai. Na sa a raina akwai lokaci, za ta shiga jami'a ta dawo ta ƙara mini bayani.

Ta gama sakandare da sakamakon da sai da shugabar makarantar ta kira mahaifiyarta ta yi mata barka. A nan muka fara sanin matsayinmu. Haihuwa a ƙasar ba ta sa mutum ya zama ɗan ƙasa. 'Yata a kan iƙamata take, wato takardar zamana, kamar yadda ni nake a kan kafilina, wanda ya tsaya mini na zauna a ƙasar. Guraben 'ya'yan baƙi a jami'o'in gwamnati kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka. Muka nema a Riyad, muka nema a wasu garuruwa. Wata jami'ar ta ce a jira, wata ba ta ce komai ba. Masu zaman kansu kuwa, waɗanda na leƙa ba sa koyar da abin da take so, kuma ko suna koyarwa sun fi ƙarfina. Ta zauna a gida shekara guda tana jiran amsa, tana karatu ita kaɗai a falo.

Ana cikin haka aka kira ni ofis. Manajan namu mutumin kirki ne, bai yi kwana-kwana ba. Ya ce an ƙara adadin 'yan ƙasa da dole kamfani ya ɗauka a irin aikina, kujerata na cikin waɗanda za a bayar. Ya ba ni zaɓi, ko fita ta ƙarshe, wato in bar ƙasar ɗungurungum, ko in nemi wani kafili a mayar da ni wurinsa. Na samu wani ƙaramin ɗan kwangila da ya karɓe ni, amma da albashin da ba zai riƙe iyali a Riyad ba. Na kwana biyu ban faɗa wa kowa ba, sannan na faɗa wa matata a kicin. Ta ajiye ludayi ta ce, "To ita wannan fa?" Ba ta ce mu ba, ba ta ce ƙananan ba.

Malamar nan 'yar Sudan ta zo gidanmu da ta ji labari. Ta zauna a falo, ni ina daga bakin ƙofa. Ta ce ta shekara da yawa tana koyarwa, irin yarinyar nan ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ta ce haramun ne a bar ta ta lalace. Na ce, "Malama, ki nuna mini ƙofar da zan ƙwanƙwasa, wallahi zan je." Can ta ce ita ma kwantiraginta na bana ne na ƙarshe. Ta sha shayi, ta rungume 'yata, ta tafi.

Na raka matata da yaran gida Gusau da kaina, na zaunar da su a gidan da na gina a bayan na yayana. Duk hanya ina ba 'yata baki. Na ce jami'o'i sun yi yawa a gida, fiziks kuwa ba kowa ke nema ba, gurbi har ya yi mata yawa. Ta ce, "To, Baba." Na yi sati uku na dawo.

Abin da ban lissafa ba shi ne Turanci. Duk abin da ta sani da Larabci ta san shi. Sai da ta sake zana jarrabawar gama sakandare ta gida, da jarrabawar shiga jami'a, duka da Turanci. Ta ce mini tana ganin tambaya, ta san da za a karanta mata da Larabci da kafin a rufe baki ta amsa, amma kafin ta warware me ake nufi lokaci ya tafi. Karon farko ba ta kai ba. Na sa aka nemo mata mai koyar da Turanci, ta dage, karo na biyu ta haye da ƙyar. Da sunaye suka fito sai aka ba ta sashen Larabci. Yayana ya je ya yi magana, aka ce masa makinta na Turanci bai kai na kimiyya ba, kuma yarinyar da ta tashi a Saudiyya ai Larabci ne gidanta, me take nema kuma. Ta ƙi zuwa. Ta ce ba za ta shekara huɗu ana koya mata harshen da take mafarki da shi ba.

'Ya'yan yayana Balarabiya suke ce mata. Ba da mugunta ba, amma duk ta buɗe baki sai an yi dariya, ta ce wa tebur ita, ta ce wa kujera shi. Sai ta rage magana. Mahaifiyarta ta ce mini wuni take a ɗaki. Daga baya wata Islamiyya ta unguwa ta ji labarinta, suka zo har gida suka roƙa ta riƙa koya wa 'yan mata Larabci da tajwidi. Ta karɓa. Na ce mata ta riƙe na ɗan lokaci, baɗi ta sake zana jarrabawar. Ta ce to. Baɗin ta zo, ba ta cika takardar ba, ni ma da na ga haka ban matsa ba, don ban san me zan ce mata zai canza ba.

Ni kuma na bar Badi'a na koma Ud, tsohuwar unguwa kusa da Batha, ɗaki ɗaya muke rabawa da wani direban tirela ɗan Katsina wanda rabin wata yana hanya. Kullum da safe ta gefen katangar maƙabarta nake bi in je inda motar aiki ke ɗaukarmu. Aikin yanzu shata filayen rumbunan ajiya ne a kudancin birni. Da azahar in rana ta take, aiki yakan tsaya, kowa ya nemi inuwa. A wannan hutun na fara kallon darussan fiziks a waya, na Larabci da na Turanci, ina mayarwa baya ina sake ji. Ban san dalilin ba. Wataƙila don in samu abin da zan ce mata ban da yaya makaranta, yaya ƙannenki.

Na daɗe a haka ba ci gaba. Sai wata rana muna shata wani dogon fili, gefe biyu duk suna fuskantar arewa, na tuna wani abu da kowane safiyo ya sani tun yana ɗalibi. In mutum biyu suka tsaya nesa da juna, kowa ya fuskanci arewa ya miƙe sak, ba wanda ya karkata ko da taki ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu raguwa take yi. In suka yi ta tafiya, a ƙarshen duniya sai sun yi karo. Ba abin da ya ja su. Doron ƙasa ne a lanƙwashe. A ƙaramin fili ba a lura, a dogon aiki dole mu sa shi a lissafi.

Guduma na hannuna, na sake ta ta faɗi a yashi. Na tsaya ina kallonta. Na ce a raina, cire arewa ka sa gobe. Guduma tana tafiya gobe sak, ƙasa tana tafiya gobe sak, hanyoyin biyu ne suka haɗu, don abin da suke tafiya a kansa a lanƙwashe yake. Faɗuwa ke nan. Na ɗauki gudumar na sake sakinta. Wani lebura ɗan Bangaladash ya tambaye ni ko hannuna ne ke ciwo.

Na ƙagu Juma'a ta zo, ranar da ba ta da makaranta. Bayan an sauko masallaci na kira ta ta bidiyo. Tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti, ta jingina wayar da wani abu, rabin fuskarta kawai nake gani. Muka gaisa. Na lura Hausarta ta gyaru ƙwarai, har da karin Zamfarawa.

Na ce, "Mamana, na gane abin nan."

"Wane abu, Baba?"

"Wuri-da-lokaci."

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Na kwashe bayanin mutum biyu masu tafiya arewa na faɗa mata, da guduma, da gobe, ina yi ina haɗa kalmomi don ɗoki. Ta saurara har na gama. Sai ta ɗago wayar, na ga fuskarta gaba ɗaya, ta ce da Larabci, da saurin nan nata na da, misalin ya fi na zani kyau nesa ba kusa ba, amma in kula, ni da nake tsaye a fili ba sak nake tafiya ba, ƙasa ce take tokare ƙafata tana kautar da ni daga hanyata, nauyin da nake ji ke nan, guduma ce kaɗai ta samu ta tafi sak, ita ma na ɗan lokacin da take iska. Ta buɗe baki za ta ci gaba, har ta ɗaga yatsa. Sai ta sauke shi.

Na ce, "Ina jin ki. Ci gaba."

Ta koma Hausa. "Shi ke nan ai, Baba. Ka gane."

"Akwai wata jami'a da aka ce mini suna karɓar..."

"Baba, don Allah a bar maganar nan."

Na bari. Ina jin kukan awakin yayana ta bayan katanga. Can ta ce an ba ta shugabancin ɓangaren 'yan mata na Islamiyyar, daga wata mai kamawa za ta fara, har da ɗan ofis. Na ce masha Allah, Allah Ya sa albarka, Ya taya ki riƙo. Ta ce amin. Ta ce maganin hawan jinin mahaifiyarta ya kusa ƙarewa, in an samu mai zuwa gida in aiko da irin na wancan karon, na nan ba ya karɓarta. Na ce akwai wani ɗan Kaura da zai tafi ƙarshen wata, zan ba shi.

Ta miƙa wa mahaifiyarta wayar, ta ɗauki farantinta ta shiga kicin.